Fiyus ɗin da Ya Katse wa Mai Girma Jawabi

Yau na yi awa huɗu a kan bencin ofishin gunduma, sanye da rigata ta zuwa coci, ina jiran a kira ni in ba da shaida a kan wani mai laifi da tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Yana kan tebur a cikin leda, an buga wa ledar hatimi, ga ɗan sanda a tsaye kusa da shi ko da zai yi yunƙurin tserewa. Fiyus ne, jama'a, ɗan abin nan da ake sa wa wayar batir, wanda idan wuta ta yi yawa yake narkewa ya yanke ta. Laifinsa kuwa ba ƙarami ba ne. Ranar Asabar ya katse wa Mai Girma jawabi a gaban kyamara.

Kafin in fita matata Yocasta ta cika mini faranti da dakakken agade da soyayyen naman salami, ta ce in ci in ƙoshi, don a ƙasar nan an san lokacin da mai shaida yake fita amma ba a san ranar dawowarsa ba.

Bari in koma baya kaɗan saboda masu karanta ni daga babban birni, waɗanda kullum suke kukan an ɗauke musu wuta. Ina taya ku murna. Mu a Los Guayabitos ba a taɓa ɗauke mana ba, domin ba a taɓa kawowa ba. Turakun wuta dai sun iso gindin tudu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, aka yi zaɓe, suka tsaya a nan, yanzu awaki muke ɗaurewa a jikinsu. Sai bara hukuma ta tuna da mu. Aka kawo farantan sola shida, da batura takwas, irin jajayen nan da mutum biyu ke nishi kafin su ɗaga ɗaya, da wata ƙatuwar inbata mai kyau a hoto. Kowane gida zai samu ƙwan lantarki ɗaya, a yi kanta ta cajin waya, a kunna firji guda don magungunan tsofaffi. Na rantse muku na yi murna har na yafe wa turakun.

An kuma tanadi ɗakin bulo da za a zuba baturan. Ɗakin yana nan lafiya a takarda, na gan shi da idona, har da taga biyu. Da yake batir ba ya iya zama a takarda, sai aka roƙi Doña Casilda ta ba da aron ɗakinta na baya na mako biyu, tunda kullum tana gida. Doña Casilda tsohuwa ce mai shekara saba'in da huɗu, mijinta Don Aurelio ya rasu ya bar mata gidan katako mai shuɗin fenti wanda ya gina da hannunsa tun suna ango da amarya. Guguwar teku uku ta zo ta wuce gidan yana tsaye. Ba ta da wani abu a duniya sai shi, kuma katakon ya bushe ƙayau, har mai shan sigari yakan tsallaka titi idan zai wuce.

Wanda ya haɗa wayoyin shi ne Nicanor, kompadre na, domin shi ya riƙe 'yata ranar baftisma. Girarsa ɗaya ce. Ɗayar ta tafi ranar da sifana ta suɓuce masa ta kwanta a kan kawunan batir biyu, ta yi ja, ta narke a gabansa. Tun daga ranar ya daina yi wa batir kallon raini. Shi ya fara lura cewa wayar da ɗan kwangila ya kawo ta rame a hanya, don kaurinta bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Inbatar kuwa idan ta ji yunwa sai ta ja abin da ya fi ƙarfin wayar. Saboda haka ya sa fiyus daidai da ƙarfin wayar, a kan jar waya, tazarar tafin hannu ɗaya daga kan batir. Ya yi mini bayani sau bakwai ina riƙe masa filaya: batir ba ya cewa a'a, duk abin da aka roƙa zai bayar, har waya ta yi ja, roba ta narke, bango ya kama. Dole a samu wani abu a tsakani da zai yarda ya mutu kafin waya ta mutu.

Ranar buɗewa Mai Girma, Uban Haske, Babban Mai Yanke Ƙyalle na Yankin Kudu, ya hawo tudunmu da motoci goma sha huɗu da wata babbar mota cike da lasifika. Janaretan motar ba shi da mai. An ware masa mai, kada ku yi wa kowa mugun zato, man ne dai ya bi wata hanya. Sai Injiniya Dakta, mai kula da aikin, mutumin da ban taɓa ganin datti a farcensa ba, ya ce a jona lasifikokin a jikin aikin da ake buɗewa.

A nan dole in faɗi namu laifin. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa wuta baƙuwa ce, idan ta shigo ka yi duk abin da za ka yi da ita kafin ta ɗauki jakarta. 'Yan'uwanmu na birni ne suka koya mana, suka kuma yi ta turo mana tsofaffin kayansu. Ƙwai ɗaya aka ce, amma ana yanke ƙyalle duk wanda ya ajiye dutsen guga ko blanda ko injin wanki a ƙarƙashin gado yana jiran wannan rana ya ruga gida ya jona. Yocasta ta jona abu uku. Ni kaina na jona tsohuwar rediyon da ba ta aiki, don kada a bar ni a baya.

Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce, "Daga yau, duhu ya ƙare a…" sai fiyus ya yi aikinsa. Aka bar Mai Girma yana motsa baki, ba a jin komai sai zakaran Doña Casilda.

Injiniya ya afka ɗakin baya yana zufa, ya zare fiyus ɗin ya wurgar ta taga. Ya waiga yana neman abin da zai cike gurbin, idonsa ya sauka a kan ƙusa mai inci huɗu da hoton marigayi Don Aurelio yake rataye a kanta. Ya sauke mamacin ya jingine shi a ƙasa, ya zare ƙusar ya cusa a mazaunin fiyus. Wuta ta dawo, aka yi tafi. Mai Girma ya yi magana ta minti hamsin, kuma da suka tafi muka tarar da wani baƙin layi a jikin katako daidai inda wayar ta bi.

Washegari Nicanor ya zo da sababbin fiyus biyu a aljihu, amma wasiƙa ta riga shi zuwa. Ta ce aikin mallakar hukuma ne, an ɗauki hotonsa yadda yake, ba a yarda kowa ya ƙara ko ya rage komai ba sai da izini a rubuce, wanda ya taɓa kuma za a kwashe kayan gaba ɗaya har da firjin magani. An ma turo ɗan saƙo ya liƙa wa ƙusar lamba. Ƙusar Doña Casilda ta zama ma'aikaciyar gwamnati, kuma in faɗi gaskiya ta dace da aikin, don komai nauyin da aka ɗora ba ta jin komai, wasu ne ke ƙonewa. Nicanor ya cike takardar neman izini ya kai gunduma da kansa.

Mako biyun nan suka zama wata bakwai. A cikinsu Doña Casilda ba ta je jana'izar ƙanwarta a garin Barahona ba. Ta daina zuwa coci sai ranar da Yocasta ta zauna mata. Ta ajiye bokitin yashi a bakin ƙofar ɗakin, domin Nicanor ya gaya mata ba a zuba wa irin wannan wuta ruwa. Duk bayan ɗan lokaci sai ta tashi daga kujerarta ta je ta ɗora bayan hannu a kan wayar, yadda uwa ke taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Idan ta ji ɗumi ya yi yawa sai ta fito titi da sandarta tana bi gida gida tana tambayar wace marar imani ce ke guga. Mun roƙe ta ta sa wata ƙusa ta rataye mijinta, ta ce a'a, Aurelio ne ya buga waccan da hannunsa, zai jira ta. Raina ya ɓaci sosai duk lokacin da na shiga na gan shi a ƙasa yana kallon ƙafafun mutane.

Sai zaɓe ya matso. Kun san al'ada, aikin da ya yi kyau ba a buɗe shi sau ɗaya. Aka turo masu fenti suka shafe baturan da kalar jam'iyya, aka shafe baƙin layin nan na bango, aka ce ranar Asabar Mai Girma zai dawo ya buɗe mana wutar da ya buɗe, wannan karon da motar lasifika biyu.

Ranar Juma'a da hantsi Nicanor ya same ni a kanti ina wasan domino, ya ja ni gefe.

"Kompadre, mota biyu gidan nan ba zai kai la'asar ba."

Na ce to mu cire ƙusar.

"A kwashe firji? Maganin sukarin tsofaffi shida yana ciki. Ba zan taɓa musu ƙusarsu ba. Ƙusa tana nan daram da lambarta. Amma ai ba su liƙa wa waya lamba ba. Zo ka riƙe mini filaya, kuma ka rufe bakin nan naka na jarida."

Muka kashe komai, ya yanke jar wayar a bayan batir na farko, can inda ido ba ya kaiwa, ya dasa fiyus na gaske, ya kifa masa gwangwanin kofi. Doña Casilda tana tsaye a ƙofa tana yi mana gadi da tsintsiya. Ga shi na rufe bakina kwana shida cur, abin da Yocasta ta ce ya kamata a rubuta a tarihi.

Ranar Asabar komai ya tafi yadda aka saba. Janareto biyu, babu mai ko ɗigo. Aka jona, mu ma muka ruga muka jona. Ina tsaye kusa da Doña Casilda, hannunta ɗaya a kan wayar, ɗaya riƙe da carbinta. Warin roba ya fara tashi. Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce, "Daga yau, duhu ya…" A bara ya kai har "ƙare a". Bana ko nan bai kai ba. Muka ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin gwangwanin kofi, shi ke nan. Tsohuwa ta zauna a ƙasa kusa da hoton mijinta ta yi kuka, ni ma na juya baya na share ido.

Ranar Litinin wasiƙa ta zo cewa an kafa kwamitin binciken zagon ƙasa, a haɗe wayar yadda take, mu kuma bayyana yau Alhamis. Doña Casilda ta sa na karanta mata sau biyu. Ta tambaye ni ko da gaske an rubuta cewa kayan na hukuma ne. Na ce da gaske. Ta ce to mai kaya ya fi kowa sanin inda zai ajiye kayansa, a nemo mata motar da ke kai agade kasuwa. Da safen nan muka zuba magunguna a kula da ƙanƙara, muka loda batura takwas cike da cajin rana, da inbata, da ramammiyar waya, da ƙusa, da bokitin yashi. Ita ta zauna a gaba, hoton Don Aurelio a cinyarta.

Muka tarar babu wuta a gunduma tun asuba, janaretan ofis kuma an kwashe mansa an ba motocin lasifika, wanda su ma bai kai gare su ba. 'Yan kwamiti biyar suna zaune cikin kwat suna fifita da fayil. Bayan awa huɗu aka kira ni. Aka tambaye ni ko na san wanda ake tuhuma, na ce mun haɗu sau ɗaya ranar Juma'a, kuma bai yi mini kama da mai siyasa ba. Aka rubuta. Injiniya ya miƙe ya yi bayani mai tsawo cewa ƙusa ta yi wata bakwai tana aiki ba ta taɓa kunyata kowa ba, fiyus kuwa sau biyu ana gwada shi sau biyu yana gudu daga bakin aiki. Duk ɗakin aka gyaɗa kai.

Sai Doña Casilda ta ɗaga sandarta.

"Injiniya, ɗana, ni ban yi makaranta ba. Kun ce ƙusa ta fi, na yarda. Ga kayanku nan a waje na kawo muku. Na ga zafi yana damunku, ga wuta a cike, me zai hana ku ji daɗinta yadda na ji wata bakwai?"

Shugaban kwamiti, wanda rigarsa ta jiƙe har baya, ya ce wannan shawara ce ta kishin ƙasa. Aka shigo da batura, kuma da yake wayar gajera ce babu inda za su zauna sai ƙarƙashin dogon teburin kwamiti, tsakanin ƙafafunsu. Nicanor ya gama haɗawa ya ɗago da girarsa ɗaya, ya tambaya da ladabi, fiyus zai sa ko ƙusa. Sakatariya tana riƙe da biro, ni ina riƙe da nawa. Injiniya ya ce ƙusa.

Jama'a, manyan nan namu ne, jininmu ɗaya. Wuta tana kamawa suka manta da muƙamansu. Aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, aka jona tukunyar kofi da injin kwafe takardu da firjin ruwa. Wayoyi goma sha biyu suka fito daga aljihuna. Sakatariya ta jawo abin busar da gashi daga durowa. Ɗan sandan ma ya bar fursunansa ya je neman soket.

Doña Casilda ta zauna tana kallon agogon bango. Da aka yi minti shida ta ce yanzu zai fara ɗumi. Da aka yi tara ta ce wannan warin kada ya dame su, na farko ne, na biyun ne yake kama da tayar mota. Ta tashi a hankali ta ɗauki bokitin yashi ta ajiye a gaban Injiniya.

"Wannan naka ne yanzu. Ba a zuba ruwa. Kuma da bayan hannu ake taɓawa, ɗana, tafin hannu yana mannewa."

Ya sunkuya ya taɓa. Ban taɓa ganin mutum mai digiri biyu ya janye hannu da sauri haka ba. 'Yan kwamiti suka fara ja da kujerunsu baya, amma teburin yana kusurwa, ƙofa kuma Doña Casilda ta zauna a bakinta da mijinta a cinya. Injiniya ya matso kusa da Nicanor ya raɗa masa ko yana da wani fiyus a jikinsa.

"Ina da shi, ranka ya daɗe, tun wata bakwai yake aljihuna. Amma ba ni da izini. Takardata tana nan wajenku."

Aka tashi neman takarda. An same ta cikin minti biyu, a naɗe gida huɗu a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Mutum biyar suka sa hannu a kanta a tsaye, teburin yana rawa, aka buga hatimi har sau biyu don kada a samu shakka. Nicanor ya kashe inbata, ya zare ƙusar da filaya ya jefa a yashi, ya sa fiyus. Ya kuma gaya musu abu biyu kawai wayar za ta ɗauka, su zaɓa. Suka zaɓi na'urar sanyi da abin busar da gashi.

Kada ku ɗauka an wanke wanda ake tuhuma. An riga an buga rahoton tun ranar Talata, ba za a yi asarar takarda ba, don haka an same shi da laifi. Sabon fiyus ɗin kuwa an sa masa suna Kashi na Biyu na Aikin Haskaka Los Guayabitos, bisa hangen nesan Mai Girma, aka umarce mu mu mayar da kayan yau ɗin nan. Da aka tambayi Doña Casilda ko tana da abin cewa, ta ce abu biyu take so, ƙusarta da gawar fiyus ɗin. Shugaba ya fara bayanin cewa ƙusar dukiyar gwamnati ce, ta dube shi, ta dubi bokitin yashi, sai ya tuna cewa zafi ya cinye lambar, ba a iya gane ta kuma.

Da la'asar na buga mata ƙusar a tsohon raminta. Ta yi baƙi ta ɗan lanƙwashe, amma ta riƙe Don Aurelio. Mataccen fiyus ɗin kuma ta kai shi kan ɗan teburin da take jera waliyyanta, ta kunna masa kyandir a cikin kofin gilashi, nesa da bango. Na ce mata, Doña, limamin coci ba zai so wannan ba.

"Ya zo ya gaya mini da bakinsa. Wata bakwai manya suna shiga gidan nan suna fita. Wa ya ƙone don gidana ya tsaya, in ba wannan ba?"

Ta zube yashin a gindin bishiyar lemo, ta koma kujerarta mai lilo. Kafin Nicanor ya gama tattara kayan aikinsa barci ya ɗauke ta, baki a buɗe, tun rana ba ta faɗi ba, hannayenta biyu a kan cinya. Muka fita da sanɗa.

An ce wata mai zuwa Mai Girma zai zo buɗe Kashi na Biyu da motar lasifika uku. Nicanor ya ce a lissafinsa wannan karon jawabin zai tsaya a "Daga yau". Ni dai a duk shekarun da na yi ina rubutu a shafin nan, wannan ne ma'aikaci na farko da na gani nauyi ya fi ƙarfinsa ya sauka da kansa. Doña Casilda za ta yi masa addu'ar kwana tara kamar yadda ake yi wa kowane mamaci na kirki, daga gobe, akwai kofi da biskit. Duk wanda hanya ta biyo da shi ya hawo, ya taho da wayarsa, akwai caji. Dutsen guga dai a bar shi a gida.